Wa ya haɗa kiɗan? Daga ɗakunan Shikago zuwa situdiyon Sakkwato

Duk wanda ya je bikin aure a Sakkwato cikin 'yan shekarun nan, ko ya bi ta gaban rumfunan masu tura waƙa a waya a bakin babbar kasuwa, ya ji wannan bugu mai kauri da ke tasowa daga ƙasan lasifika yana dukan ƙirji. Matasa sun san sunansa, amapiano. Sun san daga Afirka ta Kudu ya taso, ya ratso ta Legas, har mawaƙanmu na Hausa suka fara ɗora murya a kansa. Abin da ba a cika sani ba shi ne amapiano jika ne. Kakansa wani kiɗa ne da ake kira hawus, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a birnin Shikago a farkon shekarun 1980. A zuriyar hawus kuwa akwai wata al'ada da ta saɓa wa tamu: a can, wanda ya haɗa kiɗan shi ne mai waƙar. Sunansa ake dubawa a jikin faifai, sai tambarin ƙaramin kamfanin da ya buga faifan. Mai rerawa, in ma akwai shi, gayyato shi aka yi.

A ganina wannan al'ada ta fi kiɗan kansa amfani a gare mu, shi ya sa ya kamata a san yadda aka yi ta kafu, da wahalar da aka sha kafin ta tsaya da ƙafarta.

Ranar 12 ga Yulin 1979, a filin wasa na Comiskey Park da ke Shikago, wani mai gabatar da shiri a rediyo ya tara jama'a suka kawo faifan kiɗan disko aka tarwatsa su da nakiya a tsakiyar fili, abin ya rikiɗe ya zama tarzoma. Wani yaro baƙar fata mai suna Vince Lawrence yana aikin nuna wa mutane kujeru a filin a daren, ya kuma sha faɗin cewa da yawa daga faifan da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙe ne kawai. Bayan wannan manyan kamfanoni suka janye jiki daga disko. Amma masu rawa ba su daina rawa ba. A wani gidan rawa mai suna Warehouse, inda akasarin masu zuwa baƙaƙe ne da waɗanda sauran gidaje ba sa maraba da su, Frankie Knuckles ne ke saka faifai tun 1977. Da sabon disko ya yi ƙaranci, sai ya koma yana yanka zaren kaset da reza yana liƙawa, ya tsawaita wurin da ya ga jama'a sun fi so, ya yar da saura. Daga baya ya shigo da na'urar ganga yana ƙara wa tsofaffin waƙoƙi nauyi daga ƙasa. Yaron nan da ya ga an tarwatsa faifai, Vince Lawrence, shi ne ya haɗa hannu da Jesse Saunders a 1984 suka fitar da "On and On", wanda da yawa ke ɗauka a matsayin faifan hawus na farko.

Kayan aikinsu ma kayan da kasuwa ta ƙi ne. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar ganga TR-808 a 1980, da TR-909 a 1983, da wata 'yar akwati TB-303 da aka yi don ta raka mai jita idan ba shi da abokin kiɗa. Ƙwararrun makaɗa suka ce sautinsu bai yi kama da ganga ta gaskiya ba, aka daina ƙera su, suka faɗa shagunan kayan gwanjo da araha. Nan yaran unguwa suka same su. A 1987 wasu matasa uku da ke kiran kansu Phuture suka fitar da "Acid Tracks", kusan minti 12 na 303 tana kuka tana lanƙwashewa saboda ɗayansu, DJ Pierre, yana murɗa maɓallanta yadda ba a yi ta don haka ba. Ana ba da labarin cewa wani DJ mai suna Ron Hardy ya saka ta har sau huɗu a dare ɗaya a gidan Music Box: da farko mutane suka watse daga fili, a ta huɗu wuri ya hargitse da murna. Daga wannan faifai guda wani reshe sukutum ya tsiro, ya mamaye Birtaniya a shekara ta gaba.

Mai karatu da bai saba ba zai ce kiɗan maimaici ne kawai, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare. Ginshiƙinsa bugu huɗu ne daidai wa daida, kimanin 120 zuwa 130 a minti, da wani siririn tsaki da ke faɗowa a tsakanin kowane bugu biyu. Farkon waƙa da ƙarshenta ganga ce tsura, an bar su haka da gangan don DJ ya sami inda zai saƙa wannan faifai cikin wancan ba tare da an ji gaɓa ba. Gwanintar tana cikin abin da ake ƙarawa da abin da ake janyewa: a cire bugun ƙasa na ɗan lokaci har jiki ya fara nemansa, a buɗe wani sauti a hankali, a maido komai lokaci guda. Kunnen Basakkwace bai kamata ya yi baƙunta a nan ba. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji yadda makaɗan Ɗan Anace ke riƙe zuciyar fili da kiɗa ɗaya na tsawon lokaci, ko ya saurari kotson Narambaɗa da taushin Jankiɗi da kyau, ya san cewa maimaici ba talaucin fasaha ba ne. A cikinsa ake gane wanda ya iya, don ɗan sauyi kaɗan shi ke bambanta hannu da hannu.

Idan aka ce in zaɓi mutum ɗaya daga wannan zamani, Larry Heard zan zaɓa. Shi asalinsa mai ganga ne, ya yi shekaru yana kaɗa wa ƙungiyoyi, ra'ayinsa ba ya samun shiga. Sai ya sayi fiyano na lantarki da na'urar ganga ya koma ɗakinsa, yana ɗauka da rakodar kaset. Abin da ya fito da sunan Mr. Fingers, musamman "Can You Feel It" ta 1986, ya sauya tunanin mutane game da abin da inji zai iya faɗa. Babu hayaniya a ciki. Bugun ƙasa mai taushi ne, sai wasu dogayen sautuka da ke shimfiɗe a sama kamar ba sa son ƙarewa. Mutum na iya saurarenta a zaune shi kaɗai da dare ta ishe shi. Duk abin da aka kira hawus mai zurfi daga baya, har da irin wanda ya kama Afirka ta Kudu ya haifi su amapiano, daga wannan ɗaki ya ɗebo ruwa.

To amma kiɗa a kaset ba ya kai kansa kasuwa. Nan ƙananan kamfanonin faifai suka shigo, nan kuma labarin ya yi ɗaci. Trax Records, wanda Larry Sherman ya kafa a 1984, shi ya buga yawancin faifan da na ambata. Sherman yana da masana'antar buga faifai tasa ta kansa, saboda haka yaro na iya kawo kaset yau, cikin ɗan lokaci faifansa ya shiga shaguna. Ba don wannan sauri ba, da hawus bai tsallaka teku da wuri haka ba. A Janairun 1987 har wani faifan Shikago, "Jack Your Body" na Steve Hurley, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Sai dai an san Trax da narka tsofaffin faifai a sake bugawa, sabon faifai ya fito yana ƙara tun ba a taɓa saka shi ba. An kuma san shi da koke-koken masu kiɗa kan kuɗin da ba su gani ba. A 2020 Larry Heard da mawaƙi Robert Owens suka kai kamfanin kotu, sai a 2022 haƙƙin waƙoƙinsu ya dawo hannunsu. A lissafa: shekara 36 tsakanin fitar waƙar da ranar da mai ita ya mallake ta.

Mu a nan mun san irin wannan. Shekaru aru-aru majeman ƙasar nan suna jeme fatar jar akuyar Sakkwato, ayari ya ratsa Sahara da ita, Turawa su saya a tashoshin Arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko. Sunan ya tafi ga wanda ya sayar, wanda hannunsa ya sha bagaruwa ba a ji ɗuriyarsa ba.

Matasan Ditroyit, garin masana'antun mota da suka fara durƙushewa a lokacin, sun bi wata hanyar. Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, abokai tun makarantar sakandare a Belleville, sun tashi suna jin wani mai shirin rediyo da ake kira Electrifying Mojo yana haɗa kiɗan injin Jamusawa na Kraftwerk da fank na baƙaƙen Amurka a shiri ɗaya. Kiɗan da suka fitar, tekno, ya fi na Shikago sanyi da kaifi. Abin lura shi ne kowannensu ya buɗe nasa kamfani: Atkins ya kafa Metroplex a 1985, May ya kafa Transmat a 1986, Saunderson ya kafa KMS a 1987. Ba manyan ofisoshi ba ne. Ɗaki ne, da waya, da kwalaye, da motar da za a zuba faifai a kai Shikago. Amma takardar mallaka tana gida.

Waɗanda suka kai wannan ra'ayi ƙarshensa su ne Underground Resistance, ƙungiyar da Mike Banks da Jeff Mills suka kafa wajen 1989, Robert Hood ya shigo daga baya. Suna hawa dandali fuska a rufe, ba sa son hoto, sun ƙi manyan kamfanoni, suka kafa nasu gidan rarraba faifai mai suna Submerge don kada ko jigila ta fita daga hannunsu. Da reshen Sony na Jamus ya fitar da kwaikwayon wani shahararren faifansu na 1999 wanda DJ Rolando ya haɗa, masoyansu a duniya suka yi ca da wasiƙu har kamfanin ya janye. Wannan ne ya nuna mini abin da tambari ke nufi a wannan duniyar. Mutum a Tokyo ko Balin na iya sayen faifai bai ji ko daƙiƙa ɗaya ba, don ya ga alamar kamfanin ya amince da kunnen masu shi. Kowane faifai yana da lambarsa a jere, na ɗaya, na biyu, na hamsin, ta yadda bayan shekara talatin ana iya bin sawun aikin gidan daga farko har ƙarshe.

A nan akwai bambancin da nake so a riƙe. Mike Banks ya rufe fuskarsa ne da hannunsa, alhali kamfanin nasa ne, faifan nasa ne, kuɗin gidansa yake shiga. Makiɗin da ke zaune gaban kwamfuta a wani situdiyo a Sakkwato ko Gusau ko Kano shi ma ba a san fuskarsa ba, amma ba shi ya zaɓa ba. Su biyun duka ɓoyayyu ne, sai dai ɗaya ya ɓuya da dukiyarsa, ɗayan an ɓoye shi ne aka wuce da ita.

Turai ta karɓi kiɗan da hannu biyu, musamman Balin bayan faɗuwar katangarta a 1989. A shekarar ne Mark Ernestus ya buɗe shagon faifai na Hard Wax, a 1993 kuma shi da Moritz von Oswald suka kafa Basic Channel, suka rage kiɗan har ya kusa zama bugu da amsa-kuwwa kaɗai. Abin sha'awa, da suka yi nisa sai suka juyo Afirka. Ernestus ya tafi Dakar ya yi shekaru yana aiki da makaɗan gangar sabar ta Sanagal. Von Oswald ya yi faifai da Tony Allen, mai gangar Fela, shi ma Jeff Mills ya yi nasa da Allen a 2018. A Afirka ta Kudu hawus ya zama abincin yau da kullum, ya haifi kwaito da gqom da amapiano, har wani DJ ɗan ƙasar, Black Coffee, ya ci kyautar Grammy a 2022. A Kampala ta Yuganda kuma ƙaramin kamfanin Nyege Nyege Tapes na fitar da kiɗan lantarki na unguwannin Afirka ta Gabas ba tare da ya gyara masa fuska don Turawa ba.

Namu yankin ma yana cikin labarin, kuma ya fi yadda muke zato. A 1978 Mamman Sani ya ɗauki kaset a Yamai da ogan na lantarki ɗan Italiya, kiɗa tsura ba murya, yana mai da karin waƙoƙin gargajiyar Nijar zuwa sautin inji. Shekaru da dama rediyo da talabijin na Nijar suna amfani da kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, mutane sun san sautin sarai ko da ba su san mai shi ba. Sai a 2013 wani ƙaramin kamfani na birnin Portland a Amurka, Sahel Sounds, wanda Christopher Kirkley ya kafa, ya sake buga shi a faifai. A shekarar ce kuma kamfanin ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna "Harafin So", irin kiɗan fiyanon Yamaha da gyaran murya na kwamfuta da wasunmu ke rainawa, masu tara faifai a Turai da Amurka suka saya.

Wanda ya fi shafar mu kai tsaye shi ne Mdou Moctar, mai jita ɗan Abzinawan Nijar da yanzu ke zagaya manyan dandalin duniya. Kundinsa na farko, "Anar", a nan Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Wanda ya saurare shi zai ji hannun situdiyon Hausa ƙarara: gangar inji, da muryar da aka bi da ita ta na'ura har tana rawa irin ta waƙoƙin fim. Waƙoƙin ba su fita ta wani kamfani ba. Daga waya zuwa waya suka bi, ta bulutut da memori, suka ratsa Sahel har Kirkley ya tsince su, ya sa ɗaya a tarinsa na waƙoƙin wayoyin Sahara, ya bi sawu har ya gano mai su. Ya kyauta, kuma ya cancanci yabo, don ya nemi masu waƙa ya yi yarjejeniya da su a lokacin da zai iya kwashewa ya yi shiru. Amma a lura da yadda ake ba da labarin a jaridun waje: ana ambaton mai jita, ana ambaton Ba'amurken da ya gano shi, ana ambaton Sakkwato. Wanda ya zauna ya tsara gangar, ya murɗa muryar, ya ba kundin sautin da ya sa ya fita daban, an bar shi a matsayin "wani situdiyo". Da a Ditroyit aka yi wannan aiki, sunansa ne zai zo a gaba.

Ba zan ce mawaƙanmu ba sa ambaton makaɗansu ba. Suna yi, tun na dauri. Har yau za ka ji an gaida makiɗi da situdiyo a ƙarshen waƙa. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma sun yi aikin tattara tarihin makaɗa da ƙungiyoyinsu. Sai dai gaisuwa daban, mallaka daban. Galibi makiɗi ana biyansa ne sau ɗaya, a tashi. Waƙa ta yi kasuwa, a yi ta a biki ɗari, ta tara masu kallo a YouTube, ɗan siyasa ya ba da mota, shi nasa ya ƙare tun ranar da aka kashe kwamfuta. Sannan hanyar da waƙa ke yawo ita kanta tana share suna: mai turawa ya sauya sunan fayil, wani ya yanke farkon, wani ya ɗora tallarsa a kai. Kafin ta kai Illela ta tsallaka Ƙonni, ba abin da ya rage sai muryar mawaƙi.

Na san a garin Shehu muke, na kuma san akwai masu karatu da ba sa sauraren kiɗa sam, bisa fahimtar addini da nake girmamawa. Ba ina kiran kowa zuwa gidan rawa ba ne. Rayuwar daren Shikago ba tamu ba ce, ba kuma sai mun aro ta ba. Amma wanda ke ganin sana'ar ba ta dace ba da wanda ke cin abinci da ita, duka sun yarda cewa cin gumin wani zalunci ne. Muddin ana yin aikin, ana kuma samun kuɗi da shi, tambayar wa ya yi da me ya samu tana nan daram.

Abin da su Atkins suka yi bai fi ƙarfin matasan Sakkwato ba, har ma ya fi sauƙi yanzu, tunda ba a bukatar masana'antar faifai. Makaɗa uku ko huɗu na iya haɗuwa ƙarƙashin suna ɗaya, su riƙa zaɓen abin da za su fitar maimakon sakin duk abin da aka biya, su ba kowane aiki lamba da kwanan wata, su rubuta wanda ya haɗa kiɗa da wanda ya tace sauti a jikin hoton waƙa da cikin fayil ɗin kansa. Su rubuta rabon kuɗi a takarda kafin a kunna makirufo, ko da mawaƙin ɗan uwa ne. Su adana asalin aikin da suka yi a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a wuri fiye da ɗaya, don kwamfuta ɗaya da ta ƙone na iya tafiya da aikin shekara goma. Su kuma gwada fitar da kiɗa tsura, ba murya, da kalangu da kotso da gurmi da aka ɗauka daga hannun masu su aka biya su, don irin wannan ne masu saye a shafin sayar da kiɗa na Bandcamp da DJ-DJ na waje ke nema ido rufe, kuma shi ne kaɗai nau'in da ba mai iya cewa na mawaƙi ne.

Matsala ta gaske ita ce mai saurare. Ƙananan kamfanonin Ditroyit sun rayu ne don akwai mutanen da ke juya faifai su karanta ƙananan rubutun baya, su haddace suna, su nemi aikin mutumin na gaba. Wannan ɗabi'a ba ta buƙatar ko kwabo. Mai gabatar da shiri a Rima Rediyo ko wata tashar FM na iya ƙara sunan makiɗi idan ya faɗi na mawaƙi. DJ a wurin biki na iya yin haka. Mai shirya biki da ya ji kiɗan da ya burge shi na iya tambayar situdiyon da aka yi shi, ya kai aikinsa can, ya faɗa wa makiɗin dalilin da ya sa ya zo.